Kama da Wane Ba Ta Wane: Bambancin "Leave" da "Live"

 

Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan Turanci, tunda aikina tafinta ne. Turanci kogi ne, ba a shanye shi a zama ɗaya, saboda haka na ɗebo kalmomi biyu kacal, wato "leave" da "live". Na zaɓe su ne domin kusan babu ɗayanmu da zamansa a Birtaniya bai rataya a kansu ba. A bakin yawancinmu kalma ɗaya ce, "lif". A takardar hukuma kuwa, tazarar da ke tsakaninsu tana iya raba mutum da aikinsa, da gidan hayarsa, har ma da iyalinsa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Mu fara da kunne. Abu biyu ne ke haɗe mana su. Na farko, harshenmu ba shi da sautin v. Duk kalmar da muka aro mai wannan sauti sai da muka gyara ta: "visa" ta zama biza, "driver" ya zama direba, "television" ta zama talabijin. In sautin ya zo a ƙarshen kalma mukan kai shi wajen f, shi ya sa "leave" da "live" da "leaf", wato ganye, duk suke fitowa iri ɗaya. Na biyu shi ne wasalin tsakiya. Na "leave" dogo ne, ana jan sa, leɓe a miƙe kamar mai murmushi. Na "live" gajere ne, ana sakin sa da sauri, baki a sake.

Wannan na biyun bai kamata ya ba Bahaushe wahala ba, don muna da shi a gida. In na ce na shiga gari na sayo gari, ba wanda zai tambaye ni wanne ne birni, wanne ne na tuwo. Na farkon wasalinsa gajere ne, na biyun dogo. Haka jima ta ɗaukar lokaci da jima ta majema. Rubutun bokonmu ne bai nuna bambancin ba, amma kunnenmu ya san shi tun muna goye. To ku riƙe haka: "live" gajere ne kamar garin da ake zama a cikinsa, "leave" dogo ne kamar garin tuwo. Wanda ya kama wannan ya samu gyara a kan "ship" da "sheep", da "sit" da "seat", duk a kyauta.

Sai ma'ana. "Live" ita ce mai sauƙin. Tana nufin rayuwa, tana kuma nufin zama a wuri. In abin ya wuce sai a ce "lived". In ana maganar mazauni, ba ta tafiya ita kaɗai, sai da 'yar rakiya kamar "in" ko "with" ko "at". Akwai wata mai rubutu iri ɗaya da ake furtawa daban, kamar "laiv", ita ce ake sa wa shirin da ake watsawa kai tsaye, ita ce kuma ake rubutawa a jikin waya mai wuta. Masu aikin gini a cikinmu sun san ta, don ita ma sakaci da ita yana kai mutum asibiti.

"Leave" ce mai fuska biyu. Fuskar farko aikatau ce, in abin ya wuce a ce "left". Wannan ita ce "bari" tamu, kusan daidai wa daida. Mukan ce ya bar gari, ya bar jaka a mota, ya bar wa 'ya'yansa gado, bar ni in huta. Duk waɗannan Bature da "leave" yake faɗin su. Fuska ta biyu suna ce, ma'anarta izini. Masana tarihin Turanci sun nuna cewa tun asali kalmomi biyu ne daban-daban, daga baya furucinsu da rubutunsu suka haɗe. Ta izinin 'yar uwar "furlough" ce, kalmar nan da muka sha ji a 2020 lokacin da korona ta zaunar da ma'aikata a gida.

Mun daɗe da sanin wannan fuska ta biyu ba tare da mun lura ba. Ma'aikatanmu na gida sun san "annual leave", mukan fassara shi da hutun shekara, amma ainihin abin da yake nufi shi ne izinin rashin zuwa aiki. A nan doka ta ba mai aikin kwana biyar a mako kwana 28 a shekara, mai jego kuma tana da haƙƙin mako 52. Lauyoyinmu na Najeriya har yau suna neman "leave" na kotu kafin su ɗaukaka wasu ƙararraki. Mu ma a Hausa, mai cewa "bari in wuce" izini yake nema. Kun ga ke nan abin ba baƙo ba ne gare mu.

Inda gizo ke saƙa shi ne takardun shige da fice. Dokar da ake kira Immigration Act ta 1971, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1973, ita ce har yanzu ginshiƙin tsarin. Ta ce duk wanda ba shi da haƙƙin zama na ɗan ƙasa sai an ba shi "leave to enter", izinin shiga, ko "leave to remain", izinin ci gaba da zama. Izinin kuma iri biyu ne: "limited", mai wa'adi da sharuɗɗa, da "indefinite", wanda ba a yanke masa rana ba, shi ne ILR da kowa ke fata.

Ku duba yadda "leave to remain" yake a idon wanda ya san fuskar farko kaɗai: tafi don ka zauna. Waɗanda suke nan a 2016 sun tuna ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yuni, inda aka raba ƙasar gida biyu, 'yan "Leave" masu son fita daga Tarayyar Turai da 'yan "Remain" masu son a zauna, na farkon suka yi rinjaye da kusan kashi 52 cikin 100. Kalmomi biyun da suka yi ta faɗa a allunan kamfe, su ne ke zaune kafaɗa da kafaɗa a wasiƙar Home Office. Na taɓa karanta wa wata baiwar Allah irin wannan wasiƙa bayan ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, tana zaton korar ta aka yi, alhali wata 30 aka ƙara mata. Hukumar ma ta gane kalmar tana rikita mutane. Tun ƙarshen 2020 sababbin ƙa'idojinta sun fi amfani da "permission", sai dai tsohuwar kalmar tana nan a doka da bakin lauyoyi.

Ga abin da nake so kowa ya tafi da shi yau. "Live" abu ne da kai kake yi. "Leave" na takarda abu ne da ake ba ka. Ɗaya ba ya zama a madadin ɗaya, kuma kowanne yana iya ɓata ɗan uwansa. Zan kawo wurare huɗu da wannan ke cizon mutanenmu.

Na farko, wasiƙar gayyata. Da yawanmu muna gayyato iyaye su zo jego ko bikin kammala karatu. Ƙa'idar bizar baƙunci ta haɗa kalmomin nan biyu a waje guda. Tana so jami'i ya gamsu cewa baƙon zai yi "leave", wato zai bar ƙasar in ziyararsa ta ƙare, kuma ba zai yi "live" ba, wato ba zai mayar da ita mazauni ta hanyar yawan zuwa a jere ba. Ko bizar ta shekara 2 ce, ko 5, ko 10, kowane zuwa bai wuce wata shida ba. Yanzu ku ɗauka ɗa ya zauna zai rubuta cewa mahaifiyarsa za ta koma bayan wata uku, sai ya rubuta "she will live in the UK after three months". Da hannunsa ya faɗa wa jami'i ainihin abin da ƙa'ida ta hana. Waya ko kwamfuta ba za ta ja masa jan layi ba, don kalmar daidai take a rubuce, wurinta ne ba nan ba. Jami'i yana duba sauran takardu, gaskiya ne, amma ina amfanin ka ba shi dalilin shakka? 'Yan uwa na gida, wannan ya shafe ku sosai, musamman masu kai fom a cika musu a shagon intanet. Kada ku sa hannu sai wani ya karanta muku ya fassara.

Haka abin yake ga ma'aurata. Bizar aure tana kan sharaɗin cewa auren na gaske ne, kuma miji da mata suna da niyyar zama tare. Mijin da ya rubuta "I leave my wife" ya ce yana rabuwa da matarsa ne, ko da zama tare yake nufi a ransa.

Na biyu, wanda yake zaune amma izininsa ya ƙare. Mutum yana iya yin shekaru a unguwa ɗaya, yaransa suna makaranta, maƙwabta sun san shi, ya ga kamar ya zama ɗan gari. Doka ba ta wannan lissafin. Ranar da wa'adin ya cika ba tare da an nemi sabuntawa ba, zaman ya zama laifi a ƙarƙashin dokar 1971. Mai ɗaukar aiki dole ne ya binciki izinin ma'aikacinsa, kuma tun Fabrairun 2016 mai ba da haya a Ingila shi ma dole ne ya bincika. Rahamar da ke ciki ita ce sashe na 3C na dokar. Wanda ya shigar da neman sabuntawa kafin wa'adinsa ya cika, izininsa na da yana ci gaba da sharuɗɗansa har a yanke hukunci. Kalmar "kafin" ɗin nan ita ce komai.

Amma sashen yana da ƙaya, kuma ta fi sukar mu masu dangi a nesa. Wanda ke jiran hukunci a ƙarƙashin 3C, in ya fita daga ƙasar, wannan kariya ta faɗi, kuma ana ɗaukar ya janye takardarsa. A nan fuskokin kalmar biyu suka yi karo: ka yi "leave", ka rasa "leave". Mun san yadda waya ke zuwa da tsakar dare, an yi rasuwa ko jiki ya yi tsanani. Ina roƙon iyayenmu na gida, in ɗanku ya ce takardunsa suna hannun hukuma ba zai iya tasowa ba, kada ku ɗauka ya yi watsi da zumunci. Tasowar tana iya rufe masa ƙofar da yake ciyar da ku ta cikinta.

Na uku, wanda yake da izini amma ya daina zama. Wannan na iyayenmu ne da suka samu ILR, suka fara tunanin komawa gida a ƙarasa gini, a kula da gona, a zauna kusa da tsofaffi. "Indefinite" yana nufin ba a sa ranar ƙarewa ba, bai ce ba ya mutuwa ba. Wanda ya yi fiye da shekara 2 a jere a wajen ƙasar, ILR ɗinsa ya faɗi da kansa, ba sai an aiko masa da wasiƙa ba. In yana son dawowa da zama sai ya nemi wata biza da ake kira "Returning Resident", ya nuna yana da alaƙa mai ƙarfi da ƙasar, kuma ana iya hana shi. 'Yan uwanmu da suka zo da fasfon wata ƙasar Turai suka samu "settled status" su nasu shekara 5 ne. Wanda ya zama ɗan ƙasa shi kam daɗewa a waje ba ta ƙwace masa. Su ma matasanmu masu bizar aiki da ke ƙirga shekaru zuwa ILR, su sani ba a so su wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12. Karin maganarmu ta riga dokar faɗa: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na huɗu, wanda yake da izini, yake kuma zaune, amma ba shi da shaida. Kun ji labarin Windrush. Sunan ya samo asali ne daga jirgin ruwan Empire Windrush da ya iso Tilbury a Yunin 1948 ɗauke da mutane daga yankin Karibiyan. Dokar 1971 ta ba waɗanda suka riga suka zauna kafin 1973 izini marar wa'adi, amma da yawansu ba a ba su wata takarda a hannu ba. Bayan shekara arba'in da wani abu, da aka tsananta bincike, sai aka ce su kawo shaida. Wasu suka rasa aiki, wasu aka hana su magani, wasu aka tsare, wasu ma aka fitar da su daga ƙasar da suka girma a cikinta. Abin ya fito fili a 2018, har ministar cikin gida ta lokacin, Amber Rudd, ta yi murabus a watan Afrilu. Ba 'yan Karibiyan kaɗai ya shafa ba, har da mutanen sauran ƙasashe renon Ingila irin su Najeriya da Ghana.

Darasin yana nan da ransa. Katin BRP da muka saba riƙewa ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2024, an koma eVisa, wato shaidar izini tana cikin asusun intanet. Akwai dattawanmu da izininsu tambari ne a tsohon fasfo, a ƙasan akwati. Ku matasa, ku zauna da su ku duba, a nema musu shaidar zamani tun ba a tambaye su a filin jirgi ba.

To me za mu yi? Shawarata guda biyar ce, kuma ba mai tsada a ciki.

Ta ɗaya, in kuna karanta wasiƙa, ku dubi abin da ke kewaye da kalmar. In kun ga "granted leave" ko "your leave" ko "leave to remain", maganar izini ake yi. In kun ga "must leave" ko "required to leave", cewa ake yi ku fita. Mazauna Sikotilan su lura, takardar da mai gida ke ba ɗan haya don ya tashi sunanta "Notice to Leave", kuma ba izinin komai ba ce.

Ta biyu, in ku ne masu rubutu, ku kauce wa kalmomin biyu inda za ku iya. Baƙo zai yi "stay with us", sa'an nan ya yi "return to Nigeria" ko Nijar ko Ghana. Waɗannan ba su da tagwayen da za a rikita su da su.

Ta uku, in dole sai kun yi amfani da su, ku gwada jimlar da shuɗaɗɗen lokaci. In "left" ce ta dace, to "leave" kuke nema. In "lived" ce, to "live". Waɗannan biyun ba mai haɗa su ko a kunne.

Ta huɗu, a gaban jami'i ko likita ko ɗan sanda, in ba ku tabbatar da wadda aka faɗa ba, ku ce a maimaita ko a rubuta muku, ko ku nemi tafinta. Tambayar yaushe ka bar Najeriya daban take da tambayar yaushe ka zauna a Najeriya, kuma amsar da ka bayar ita za a rubuta a fayil ɗinka. Matambayi ba ya ɓata.

Ta biyar, kowa ya rubuta ranar da izininsa zai ƙare a inda zai riƙa gani, har da na matarsa da na yara, don ba lallai ne su zo ɗaya ba. Ƙa'idojin nan ana yawan sauya su, saboda haka kafin ku ɗauki mataki ku duba shafin gwamnati ko ku ga ƙwararre. A ƙasar nan laifi ne mutum ya mayar da ba da shawarar shige da fice sana'a ba tare da rajista ba. Ku tabbatar lauya ne mai lasisi, ko wanda ke da rajista da hukumar Immigration Advice Authority, wadda kafin 2025 ake kira OISC. Ni kaina aikina ya tsaya a fassara. Zan gaya muku abin da takarda ta ce, amma abin da za ku yi da ita na lauya ne.

Ina da roƙo ɗaya ga shugabanni. A cikinmu akwai malamai, da ma'aikatan jinya, da ɗalibai masu digiri na biyu da na uku. Ƙungiya ta ware mutum uku ko huɗu masu riƙon amana, waɗanda duk mai wasiƙar da bai gane ba zai iya kai musu su karanta masa cikin sirri, su nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Da yawa daga cikin mutanenmu kunya ce ke sa su ajiye ambulan a ƙarƙashin katifa har wa'adin amsawa ya wuce. Rashin jin wata kalmar Turanci ba abin kunya ba ne, mu da muke juya harshe biyu, uku, wasunmu huɗu.